Kokowa: Abin da ake gani idan aka juya baya ga fili aka dubi ƴan kallo

Duk lokacin da gasar takobi ta ƙasa ta zo, ido yana kan ƴan kokowa tamanin da jihohi takwas ke turowa, goma-goma. Dubban mutanen da ke kewaye da su kuwa, kalma guda ake yanke masu: wasu su ce masu ɓata lokaci, wasu su ce masu son jiharsu fiye da kima.

Tun daga karon farko a Tahoua a 1975, wanda Yacouba Ango Kantou na Maradi ya lashe, jama'a ce ke riƙe da wannan wasa. Ya kamata a zauna a dube su, a bar hukunci tukuna.

Abu na farko da mai lura zai gani shi ne ba kowa ke ihu ba. Akwai dattijon da ke cikin fili amma rediyo na manne a kunnensa, don idonsa bai ishe shi ba sai ya ji daga bakin mai sharhi. Akwai wanda ke sunkuyar da kai da zarar an kama, ba ya ɗagowa sai ya ji guɗa, daga ɓangaren da ta fito ya gane wanda ya faɗi. A fada, gaban tele, mai dafa shayi kan tsaya da buta a sama har a yi kaye. Kafaɗun wasu na motsi kamar su ne ke riƙe da abokin karawa.

Inda aka fi yi masu gurguwar fahimta shi ne wajen baƙar magana. Baƙo zai ji Bagobiri na yi wa Bazabarme dariya bayan an kada ɗan Dosso, ya ɗauka faɗa ya kusa. Sau da yawa wasan taubastaka ne, irin na Fulani da Barebari, al'adar da UNESCO ta sanya cikin gadon duniya a 2014 da sunan Nijar. Idan aka ƙara haƙuri na minti biyar, sai a ga wanda aka tsokana shi ke miƙa wa mai tsokanar kofin shayi. Ƴan cali-cali da ke kwaikwayon ƴan kokowa a fili ma aikinsu ke nan, su sauke zafin zuciya da dariya.

Ba a ce babu ɓacin rai na gaske ba. Hukuncin alƙali kan tada jijiyoyin wuya, kuma nasarorin Issaka Issaka, wanda ya ɗauki takobi na shida a Agadas a ƙarshen 2023, sun raba ƴan kallo gida biyu. Sai dai mai fushin gaske yawanci ba shi da surutu. Takalminsa yake ɗauka ya fita tun makaɗa ba su tashi ba.