Itacen Kwalba da Sumak Mai Dafi: Ɗaya Na Tanadin Ruwa, Ɗaya Na Zaune Cikinsa

Ruwa ne ya raba itatuwan nan biyu. Itacen kwalba, wanda masana ke kira Brachychiton rupestris, ɗan asalin jihar Kwinsland ne a Ostiraliya, inda fari kan daɗe. Kututturensa kan kumbura kamar kwalba saboda ruwan da yake tanada a ciki, tamkar ɗan'uwansa kuka, kuma siffar takan bayyana bayan shekara 5 zuwa 8. Yana son rana da ƙasar da ke tsane ruwa. Idan ruwa ya kwanta a gindinsa, saiwar ta ruɓe. Idan fari ya tsananta, makiyayan yankin kan sare shi su ciyar da shanu da laushin cikinsa.

Sumak mai dafi kuwa, wato Toxicodendron vernix, mazaunin fadamu ne a gabashin Amurka da Kanada, inda ƙasa ke jiƙe kullum. Da wuya tsawonsa ya wuce mita 9. Ana gane shi da ƙananan ganye 7 zuwa 13 jere a kan jan reshe, da 'ya'ya farare-farare. Dangin mangwaro da kashu ne, amma jikinsa duka na ɗauke da wani mai, urushiol, wanda ke haddasa ƙaiƙayi da ƙuraje masu ruwa, ko da itacen ya bushe. Hayaƙinsa ma na iya kumbura huhu.

Shi ya sa ake shuka itacen kwalba a bakin titi da lambu, sumak kuwa sai da safar hannu ake tuge shi, kuma ba a ƙona shi.