Jirgin Ƙasa a Tafin Hannu

Shirinmu na yau kan ƙananan jiragen ƙasa ne, irin waɗanda kamfanoni kamar Märklin na Jamus da Hornby na Ingila ke ƙerawa su sayar a kwali, kan jirgi da taragunsa duk a haɗe. Abin da nake son mu duba shi ne darajarsu, kuma a ganina darajar nan ba a fenti ko tsada take ba, tana ga yadda samfurin ya faɗi gaskiya game da jirgin da ya kwaikwaya.

Mu fara da awo. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a duniya, wanda ake kira HO, yana rage komai sau 87. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan dogonsa milimita 16.5 ce, wato kwatankwacin milimita 1,435 na dogo mai faɗi, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Amma dogon da iyayenmu suka sani, wanda ya iso Kano a 1911, da reshen da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, faɗinsa milimita 1,067 ne. In za a rage shi da gaskiya, tazarar ba za ta wuce milimita 12 da 'yan ɗoriya ba. Ke nan duk wanda ya sayi kan jirgin Turai ya shafa masa launin reluwen Najeriya, ya ɗora shi kan dogo mai faɗi, ya nuna wa yaro abin da bai taɓa bin ƙasar nan ba. Su kansu Ingilawa sun daɗe suna wannan gardama, domin ma'auninsu na OO yana rage jikin jirgi sau 76, amma ya bar shi kan dogon milimita 16.5, ƙafafun suka tsuke fiye da kima.

Wani zai ce, me ya haɗa mutumin karkara da bambancin milimita huɗu? Tarago ne ya haɗa su. Audugar da manoman Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara suka noma, a da Funtuwa take zuwa a gurza, a ɗaure ta diloli, jirgi ya kwashe. Taragon auduga da gyaɗa rufaffe ne saboda ruwa, na shanu yana da tsaga-tsaga don iska ta shiga, na kwal kuwa buɗaɗɗe. Samfurin da ya kiyaye waɗannan bambance-bambance yana bayyana wa ɗalibi yadda arzikin yankinsa ya riƙa fita zuwa teku, alhali yawancin yaranmu ba su taɓa ganin jirgi na tafiya a layin Funtuwa ba. Jirgin roba mai batir da ake tallatawa a kasuwa ba ya koyar da ko ɗaya daga cikin wannan.

Akwai masu cewa yankin da ke fama da 'yan bindiga, makarantu na neman kujeru, bai kamata a yi masa zancen kayan wasa masu tsada ba. Maganarsu tana da nauyi, kuma ba na kiran kowa ya kashe kuɗin taki a kan kwalin Märklin. Sai dai ai gwanintar tana nan gida. Yaron da ke fere ɓawon kara ya soka a ɓargo ya fitar da motar kara mai ƙofa da taya, da maƙerin da ke yanka gwangwani ya yi fitila, hannu suke da shi, awo da hoto ne kawai babu. Kawunan jirgin ƙaramin layin Zariya zuwa Jos, wanda aka rufe a 1957, suna ajiye a gidan tarihi na Jos, ana iya auna su. Gidan Jaekel da ke Ebute Metta a Legas yana riƙe da tsofaffin hotunan reluwe. Malamin lissafi ɗaya da tef ɗin awo ya isa ya mayar da rabawa da 87 darasin aji.

Yanzu da ake shimfiɗa dogon Kano zuwa Maraɗi ta Daura da Katsina da Jibiya, mai faɗi ne za a sa, tsohon kuma sai ƙara tsatsa yake yi. Tsofaffin direbobi da masu gyaran dogo da za su dubi samfuri su ce nan an yi daidai, nan an kauce, kullum raguwa suke, don haka a fara da tambayarsu.