Ban-ruwan Ɗigo da Gishirin Ƙasa: Hattara Manoman Batagarawa

Audugar Jihar Katsina, daga Funtuwa zuwa Malumfashi, ruwan damina ke shayar da ita, shi ne kuma ke wanke gishirin ƙasa. Manomin Batagarawa da ke sha'awar noma ta da rani a gefen madatsar Ajiwa da ban-ruwan ɗigo, ya dubi yankin Xinjiang na ƙasar Sin, inda ake wannan aiki tun 1996. Ɗigon yakan tura gishiri gefen wurin da ya jiƙa, ya yi ta taruwa shekara da shekaru har ya hana iri tsirowa, ko da yake babbar auduga na jure gishiri. Wajibi ne a riƙa gwada ƙasa, a malale gona da ruwa jefi-jefi, a kuma haƙa magudanai.