Masu Dasa Lambu a Cikin Ruwa

Duk wanda ya fara shiga shagon mai haɗa akwatin kifin ado, abin da zai fara ɗaure masa kai shi ne akwatunan da babu kifi a cikinsu. Ga gilashi tas, ga fitila a kunne, ga ciyawa kore shar tana kaɗawa, ɗan famfo yana ta juya ruwa, amma ko kifi ɗaya babu. Idan ya tambaya, amsar ba ta wuce, "Ranka ya daɗe, ai ruwan bai nuna ba tukuna." A wajen mai wannan sana'a ruwa yana da ɗanye, yana da nunanne, kuma sanin bambancinsu shi ne jarinsa.

Aikin yana farawa ne daga gilashi. Akwatin da aka fi yi wa ɗan koyo shi ne mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 36, wanda yake ɗaukar ruwa kamar lita 60. Ana yanka gilashi mai kaurin milimita 5 ko 6, a goge bakinsa don kada ya yanki hannu, a haɗa da gam na silikon, irin wanda ba a sa masa maganin fumfuna ba, domin wannan maganin guba ne ga kifi. Sai a bar shi ya bushe, a cika shi da ruwa a waje a ga ko zai yi yoyo. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Idan aka haɗa da gilashi da ƙasa da duwatsu, ɗan akwatin nan ya kai nauyin ƙato, don haka gwani ba ya yarda a ɗora shi a kan teburin da yake rawa, ko kusa da tagar da rana take dukanta. Masu saye da yawa sun fi son ɗan ƙarami, suna ganin zai fi sauƙin kulawa. Gwani kuwa ya san ruwa kaɗan ya fi saurin zafi, ya fi saurin ɓaci.

Daga nan sai shimfiɗa. Akwai ƙasa ta musamman da ake sayarwa a buhu, dunƙule-dunƙule kamar ƙwayar dawa, mai ɗauke da abincin shuka. Wanda bai samu ba yakan bi hanyar da wata Ba'amurkiya, Diana Walstad, ta yaɗa a littafinta na 1999: a zuba ƙasar lambu siririya, a danne ta da yashi ko ƙananan tsakuwa da aka wanke. Ana tudunta baya a kwantar da gaba, don ido ya ga kamar wurin yana da zurfi. Sannan a jera duwatsu da itace. Dutsen da aka ɗiga wa ruwan tsami ya yi kumfa ana ajiye shi gefe, domin farar ƙasar da ke jikinsa za ta riƙa narkewa tana sauya ruwan. Itace kuma sai an dafa shi ko an jiƙa shi na makonni kafin ya daina tasowa, ya daina rina ruwa kamar shayi.

A wannan jeri ne ake gane hannun mutum. Wani zai shafe yini yana juya dutse ɗaya, ya ja da baya ya duba, ya sake juyawa. Shuka kuwa da dogon hantsaki ake yinta, tsiro ɗaya bayan ɗaya, gajeru a gaba, dogaye a baya, ana fesa musu ruwa kada su bushe kafin a gama. Idan za a cika akwatin, sai a ajiye faranti ko leda a ƙasa ruwan ya sauka a kai, kada ya tone abin da aka wahala a kansa.

Sai kuma jira, wanda shi ne mafi wuya a wajen mai saye. Kifi yana fitar da ammoniya, ragowar abinci ma idan ya ruɓe ita yake zama, kuma kaɗan daga cikinta ya isa ya kashe kifi. Akwai ƙwayoyin bakteriya da suke mayar da ita wani sinadari mai suna naitirayit, wanda shi ma guba ne domin yana hana jinin kifi ɗaukar iska. Wasu ƙwayoyin kuma su mayar da wannan zuwa naitiret, mai sauƙin illa, wanda shuka take sha a matsayin taki. Waɗannan ƙwayoyi suna zama ne a cikin soson matatar ruwa da jikin tsakuwa, kuma kafin su yawaita a sabon akwati akan ɗauki mako huɗu zuwa shida. A cikin makonnin nan mai sana'a yana ɗan barbaɗa abincin kifi a ruwan da ba kifi, don ƙwayoyin su sami abin ci, yana kuma ɗibar ruwa a 'yar kwalba yana ɗiga maganin gwaji yana duba launi. Ranar da guba biyun farko suka ɓace, ruwa ya nuna. Mai tsohon shago yana da dabarar rage kwanakin: ya ɗauko soso daga akwatin da ya daɗe yana aiki ya sa a sabon, kamar yadda ake zuba tsohon nono a sabuwar madara don ta kama.

Tushen wannan ilimi ya daɗe. A 1850 wani masanin sinadarai a Landan, Robert Warington, ya nuna cewa kifi da ciyawar ruwa da dodon koɗi za su iya rayuwa tare a mazubi ɗaya, kowa yana amfana da abin da ɗan'uwansa ya fitar. Amma wanda ya fi shahara wajen mayar da abin gwaninta ta ido shi ne Takashi Amano, mutumin Niigata a Japan, ɗan tseren keke kuma mai ɗaukar hoto, wanda aka haifa a 1954. Shi ne ya gwada zuba ruwan soda a akwati, ya ga shuke-shukensa sun farfaɗo saboda iskar kabon da ke ciki. Ya kafa kamfanin Aqua Design Amano a 1982, ya shigo da salon jera duwatsu na lambunan Japan cikin ruwa, har wani ɗan jatan lande mai cin gansakuka da ya yi amfani da shi sosai ake kira da sunansa. A 2015, shekarar da ya mutu, ya kammala wani lambun ruwa mai tsawon mita 40 a birnin Lisbon na Fotugal.

Wasu daga cikin kayan da masu wannan sana'a suke ji da su a duniya daga yankinmu suka fito. Anubiyas, shukar nan mai kaurin ganye da take jure ƙarancin haske, 'yar dazukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ce. Nau'inta da ya fi shahara yana ɗauke da sunan Charles Barter, mai tattara tsirrai da ya biyo tawagar wani mai suna Baikie a kogin Kwara, ya mutu a Rabba a 1859. Ita ba a binne jijiyarta mai kauri, ruɓewa take yi. Ɗaure ta ake yi da zare a jikin itace ko dutse har ta kama. Kifin kiribensis mai jan ciki na kudancin Nijeriya da Kamaru ne, kuma idan aka kifa masa rabin ƙoƙon kwakwa, a nan macen za ta yi ƙwai, su biyu su riƙa zagayawa da 'ya'yansu kamar kaza da 'yan tsaki. Hatta kainuwa dashen Allah, wadda muke wucewa a bakin tafki ba mu kalle ta ba, ana sa ta a saman akwati don ta shanye takin da ya yi yawa.

Zuba kifi shi ma da tsari. Ana fara da kaɗan, a ƙara bayan mako ɗaya ko biyu. Ledar da aka kawo su a ciki ana barinta ta yi iyo a saman ruwan kamar minti 20 don zafinsu ya daidaita. Akwatin lita 60 ya ishi garken ƙananan kifi takwas zuwa goma, irin su tetira ko gofi, da 'yan dodon koɗi masu share gilashi. A nan ne gardama take tashi. Mai saye ya ga jan kifin nan na gwal ya ce shi yake so, mai sana'a ya ce, "Alhaji, wannan zai cinye shukar, ya tone ƙasar, ya kuma fi ƙarfin akwatin." Haka tarwaɗa da gartsa, komai kyan ƙuruciyarsu. Wanda ya biye wa kwastoma ya sayar yau, bayan wata ɗaya za a dawo masa da ƙorafi.

A ƙasashenmu masu zafi sana'ar tana da nata ciwon kai. Yawancin waɗannan kifaye da shuke-shuke sun fi son ruwa mai zafin digiri 24 zuwa 26. Bature na'urar ɗumama ruwa yake saye, mu kuwa a watan Afrilu fanka ake ɗora wa akwati don ta hura samansa. Idan wuta ta ɗauke na sa'o'i masu yawa, matata ta tsaya, ƙwayoyin da aka yi makonni ana reno sai su fara mutuwa, shi ya sa ƙaramin famfon iska mai batir ko sola ya zama dole. Ruwan famfo kuma yana iya zuwa da kulorin, sai an ɗiga masa maganin kashe ta kafin ya shiga.

Samun mai sana'ar bai tsaya ga haɗawa da sayarwa ba. Otal da ofis da gidan da ya sa wa akwati suna bukatar mai zuwa duk mako ya zuƙe kashi ɗaya cikin uku na ruwan da mesa, ya zuba sabo, ya aske shuka, ya kankare gansakuka, ya wanke soso a cikin tsohon ruwan akwatin don kada ƙwayoyin su mutu. Rassan da ya aske kuma su ne irin da zai dasa wa wani. Yakan bar wa mai gida umarni biyu: fitila kada ta wuce awa takwas, abinci kuma abin da kifi zai cinye cikin minti biyu. Idan ya dawo ya tarar da ruwa ya yi kore, ba ya bukatar tambaya. Ya san ko an bar fitila ta kwana, ko yaran gida sun tausaya wa kifi sun juye masa rabin gwangwani.