Rumbunan bayanai: masu shan kuran dare da rana

Duk ƴar kasuwar da ta tura hoton atamfa ta WhatsApp, ko ɗan kasuwar da ya aika kuɗi daga Maraɗi zuwa Yamai ta salula, aikinsa na bi ta wasu manyan gidaje cike da kwamfutoci. Su ake ce wa rumbunan bayanai. Kwamfutocin nan ba a kashe su ko da minti guda, domin in sun tsaya, saƙo ya tsaya, lissafin kuɗi ma ya tsaya.

Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2024 rumbunan sun sha kuran kilowat-awa miliyar 415, wato kusan kashi 1 da rabi cikin 100 na duk wutar da duniya ta sha, kuma tana hasashen abin zai ninka kafin 2030. A ƙasar Ailan, a 2023, su kaɗai suka kwashe kashi 21 cikin 100 na wutar ƙasar.

Ina wutar ke tafiya? Mai sayar da ƙanƙara ta san amsar. Kwamfuta in tana aiki zafi take yi, in zafin ya yi yawa ta lalace, don haka dole a sanyaya ta. A tsofaffin gidaje sanyayawar kan ci sama da kashi 30 cikin 100 na wutar, a sababbi kuwa an rage ta zuwa kamar kashi 7. Wasu da ruwa suke sanyayawa: a 2022 kamfanin Google ya yi amfani da ruwa sama da lita miliyar 20.

Shi ya sa kamfanoni suka bazama neman dabaru. A 2013 Facebook ya buɗe rumbunsa a garin Lulea na arewacin Suwidin, inda iskar waje ke sanyaya kwamfutocin, wutar kuma daga madatsun ruwa take zuwa. A Hamina ta ƙasar Finlan, Google ya sayi tsohuwar masana'antar takarda a 2009, yana jawo ruwan teku mai sanyi ta cikin bututu. A Odense ta Danmak kuwa, zafin da ke fita daga rumbun Facebook ake turawa cikin gidajen mutane lokacin hunturu. A 2016 Google ya sanar cewa wata manhajarsa mai lura da fankoki da famfuna ta rage wutar sanyayawa har kashi 40 cikin 100.

Akwai kuma dabarar da kowane ɗan kasuwa ya sani: hajar da ake nema kullum a bisa tebur take, sauran kuma a sito. Bayanan da aka daɗe ba a taɓa ba, akan kwashe su a zuba cikin kaset, wanda ba ya shan wuta in yana ajiye.

Mu nan Nijar ba mu da sanyin Suwidin, amma Allah ya hore mana rana. Tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 ta fara aiki a 2018, ta Goru Banda mai megawat 30 a 2023. Kowa na tune da watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba mu, yadda ƙanƙara ta narke, nama da kifi suka lalace a firigo.

Saboda haka duk lokacin da za a gina irin wannan rumbu a ƙasa mai zafi kamar tamu, ƴan kasuwa na da haƙƙin tambaya: daga ina zai samu wutarsa da ruwansa? In layi ɗaya zai sha da masu niƙa, da teloli, da masu ƙanƙara, su za su fara gani a aljihunsu. In kuwa ya zo da farantan hasken ranarsa, kowa ya huta.