Maganin Feshi da Abin da Yake Yi wa Ƙasar Katagum

Duk wanda ya tuge wake mai lafiya a jigawar Azare, ya karkaɗe yashin saiwarsa, zai ga 'yan ƙullutai manne da ita. Idan aka fasa ɗaya da farce aka tarar cikinsa ja-ja ne, to aiki na tafiya. A nan ƙwayoyin bakteriya da ake kira Rizobiyam suke zaune, suna kamo naitirojin daga iska suna ba shuka, sinadarin da manomi ke zuba kuɗi ya saya a buhun yuriya. Wannan ne sirrin haɗa gero da wake a gona ɗaya da aka gada tun kaka da kakanni. Akwai kuma dangin naman gwari da ke sarƙe saiwa da zare siriri, suna jawo mata fosfaras da ruwa daga inda ba ta kaiwa.

Yanzu famfon feshi ya karɓe rabin aikin fartanya. Kuɗin ƙwadago ya yi tsada, ciyawa ba ta jiran kowa, don haka babu mai ganin laifin manomin fadamar kogin Jama'are idan ya nemi sauƙi. Sai dai maganin bai tsaya kan ciyawa ba. Gilaifoset yana toshe wata hanyar haɗa abinci a jikin tsiro, kuma bakteriya da dangin naman gwari da yawa da irin wannan hanya suke rayuwa. Farakwat, wanda manoma ke kira gramazon, yana manne wa laka ya yi shekaru. Atarazin kuwa yakan yi saura a gona har ya taɓa wake ko gyaɗar da aka shuka bayan masara.

Gaskiya ne idan aka bi ma'auni, yawancin ƙwayoyin nan kan farfaɗo bayan makonni. Abin damuwa shi ne awo da ido, da gauraya magani biyu ko uku a famfo ɗaya, da maimaita feshi kowace damina a ƙasa mai yashi wadda ruɓaɓɓen ganyenta kaɗan ne. Irin wannan ƙasa ba ta da abin da za ta shanye dafin da shi. Sai a ji manomi na cewa gona ta gaji, taki ba ya kama ta.

Tarayyar Turai ta hana farakwat tun 2007. Hukumar NAFDAC ita ma ta haramta farakwat daga farkon 2024.

Hanya ta biyu da magani ke shiga ƙasa, bayan feshi, ba a cika lura da ita ba, domin ta takin gida take biyowa. Mai kiwon kaji na zuba oksitetarasaikilin, maganin kashe bakteriya, a ruwan sha, makiyayi na yi wa saniya allura da kansa ba tare da likitan dabbobi ba. Kaso mai yawa na maganin yana fita ta kashi da fitsari da ƙarfinsa. Idan aka kwashi kashin kaji ɗanye aka watsa a gonar kankana ko albasa, bakteriya masu rauni su mutu, masu taurin kai su samu fili su hayayyafa. Wasunsu na iya miƙa wannan juriya ga ƙwayoyin cutar mutum, har wata rana likita a asibitin tarayya na Azare ya rubuta magani ya ƙi ci. Abin takaici, daga ƙasa aka samo irin waɗannan magunguna tun farko: a 1943 Albert Schatz ya fitar da sitireftomaisin, maganin tarin fuka na farko, daga wata bakteriyar ƙasa a Jami'ar Rutgers ta Amurka.

Kashin kaji da aka tara, aka yayyafa masa ruwa, ana juya shi har ya yi zafi ya ruɓe, yana rage ragowar magani sosai kafin a kai shi gona. Aikin na makonni ne, don haka mai son takinsa ya shirya kafin ruwan shuka, tun da bazara zai fara tarawa.