Daga Ranar Haihuwa Zuwa Ranar Yaye a Wani Ƙauyen Damagaram

Wanda ya bar birnin Damagaram ta hanyar gabas, ya wuce manyan duwatsun nan da ke tsakanin gidajen unguwar Birni, ya doshi Mirriya mai nisan kilomita 18, zai tarar da ƙauyuka a warwatse cikin jigawa, kowanne da rumbunansa na hatsi da rijiyarsa da inuwar gawo inda dattijai ke zaman hantsi. A ɗaya daga cikinsu, wanda bai bambanta da maƙwabtansa da kome ba, babu aikin da ya kai reno cin lokacin jama'a, domin noma na wata huɗu ne, goyo kuwa ba shi da rani ba shi da damina. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna cewa mace a Nijar takan haifi ƴaƴa fiye da bakwai, a jihar Damagaram ma lissafin ya haura takwas.

Idan haihuwa ta zo, ungozoma ta yanke cibiya, aka binne mabiyiya a bayan ɗaki, sai uba ko malamin unguwa ya yi wa jariri kiran salla a kunnen dama da iƙama a na hagu, sannan al'amarin ya koma hannun tsofaffin mata ɗungurungum. Mai haihuwar fari galibi tana gidan iyayenta, wajen goyon ciki, kuma nan za ta yi jego har kwana arba'in. Safe da maraice ana tafasa mata ruwa a babbar tukunya, a yi mata wanka da ganye, a dama mata kunun kanwa, a ba ta gasasshen nama da yaji in da hali. Ba ta daka, ba ta zuwa rijiya, ba ta zuwa gona. Wannan hutu na arba'in hikima ce babba ta magabata, wadda matan manyan birane da yawa suka rasa a yau, kuma bai kamata a bari ta salwanta ba. Amma likitocin Zariya sun gano tun shekarun 1970 cewa yawan kanwa tare da tsananin zafin wanka yana cikin abin da ke raunana zuciyar mai jego, har a ga ƙafafunta sun kumbura tana haki. A rage kanwar, a sassauta ruwan, hutun ya zauna yadda yake.

Babbar jayayya kuwa tana farawa ne tun kwana ukun farko, a kan dakashi. Tsofaffi da dama sun gaji cewa wannan nonon farko mai kauri da launin ɗorawa ƙazanta ne, sai a matse a zubar, a riƙa ɗura wa jariri ruwan rubutu ko bauri ko nonon akuya kafin farin nono ya kawo. Alhali kuwa dakashi shi ne rigakafin farko da Allah Ya tanadar wa ɗan Adam, cike yake da abin da ke kare hanjin jariri daga cuta, kuma yawan tsotso da wuri shi ke sa nono ya sauko. Bayan wannan sai maganar ruwa. A watan Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40, kaka takan dubi sarakuwarta ta ce, "Ke yarinya, so kike ki kashe mini maigida da ƙishirwa? Ko baƙo aka yi, ruwa ake fara ba shi." Ita kuma sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, a gidan likita an ce nono kaɗai har wata shida," daga nan ba ta da ikon ƙara kalma, saboda kunya da ladabi. Kaka ba mugunta ta sa ta ba, tausayi ne tsantsa. Abin da ba a bayyana mata ba shi ne kusan kashi tara cikin goma na nonon uwa ruwa ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da shawarar wata shida a 2001. Ƙasar Damagaram kuwa sananniya ce da wahalar ruwa, har ƙarancinsa na cikin dalilan da suka sa Faransawa suka mayar da babban birnin mulkinsu Yamai a 1926, kuma ruwan da ake samu a ƙauye, na rijiya ko na tafki, wanda cikin babba ya saba da shi, shi ne yake jawo wa jariri zawo.

Ran bakwai ake suna. Da asuba maza su taru a ƙofar gida, a raba goro, liman ya raɗa suna, a yanka rago, wanzami ya yi aski, wani wurin har ya cire beli da ƙarfen da ya yi wa wani yaro aiki jiya, abin da ba shi da asali a shari'a kuma yakan jawo zubar jini da ƙin kama nono. Uwar ɗan fari ba za ta kira sunan ba har abada, ba ta kuma yi masa wasa a gaban mutane. Amma da dare, in ido ya ragu, ita ce ba ta runtsawa in ya yi tari.

Daga nan yaro ya koma baya, a ɗaure da zane da majanyi, ya je rijiya, ya je daka, ya je kasuwar Mirriya ran Lahadi. Wajen wata uku zuwa huɗu ya riƙe wuyansa. Wajen wata shida a fara koya masa zama, a tona ɗan gurbi cikin rairayi a kewaye shi da tsummoki, yayarsa ƴar shekara bakwai tana tsaronsa. Sai rarrafe, sai dafa bango, sai ranar da za a kama hannuwansa ana yi masa tata har ya saki ya taka shi kaɗai, galibi bayan ya cika shekara. Yara ba sa tafiya a kan ma'auni guda, wani ya riga, wani ya jinkirta, kuma bai dace kishiyoyi su mayar da wannan abin gori ba. Abin da ya fi damuna a wannan tsakani shi ne yadda ake ɗora wa haƙori laifin kowace cuta. Yaro na zawo, jikinsa ya yi zafi, maɗigarsa ta faɗa, sai a ce ai haƙori ne, a rataya masa laya, a shafa magani a ka, a jira. Gaskiyar al'amari ita ce lokacin fitar haƙori ya yi daidai da lokacin da yake rarrafe yana kai kome baki, faɗawar maɗiga kuma alama ce ta ruwan jiki ya ƙare, maganinta nono da ruwan gishiri da sukari da gaggawar zuwa gidan likita.

Bayan wata shida nono kaɗai ba ya wadatarwa, a nan kuma talauci da al'ada suke haɗuwa. Abin da ake ba yaro shi ne tsinkakkiyar fura ko koko, wanda ke cika ɗan cikinsa ba tare da gina jikinsa ba, alhali a cikin gidan nan akwai wake da gyaɗa da ƙuliƙuli da kuka da zogale, akwai kuma kaji, sai dai ƙwan kasuwa ake kai wa, wasu ma suna cewa yaron da ya saba da ƙwai zai tashi da sata. Idan damina ta tsaya, daga Yuli zuwa kaka, rumbu ya yi ƙasa, maza da yawa ba su daɗe da dawowa daga cirani ba, uwa tana gona tun safe, sauro ya yi yawa, sai zazzaɓi da tamowa su taru a kan yaro guda. Mutanen wannan yanki ba su manta da yunwar 2005 ba, lokacin da aka buɗe gidajen tamowa aka fara raba abincin gyaɗar nan da suke kira biskit, kuma har yanzu asibitin Magariya yakan cika da yara a wannan lokaci na shekara. Duk da haka an ci gaba, kuma wajibi ne a faɗa. A 2006 hukuma ta ɗauke kuɗin magani ga yara ƴan ƙasa da shekara biyar. Daga 2013 aka fara ba su maganin rigakafin zazzaɓi wata-wata a damina. Ƙasar Mirriya tana cikin wuraren farko da aka koya wa iyaye mata auna damtsen ƴaƴansu da kansu, su san cewa in ma'auni ya shiga ja, ƙasa da santimita 11.5, ba a kwana. A 1992 yara 318 cikin dubu ne ke rasuwa kafin shekara biyar a Nijar; a 2012 sun koma 127.

Saura yaye. Alƙur'ani mai girma, a Suratul Baƙara aya ta 233, ya ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ya so cika shayarwa, kuma mutanen ƙauyen nan sun san wannan sarai. Abin da ke katse ta shi ne kwanika: da zarar mace ta ga tana da ciki, sai a ce nononta ya zama guba, a shafa masa maɗaci, a ɗauki yaro rana guda a kai shi wajen kakarsa a wani gari, ya rasa nono da uwa a lokaci ɗaya, ya ƙi abinci, ya rame. Amma ya zo cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi niyyar hana gila, wato kusantar mace mai shayarwa, sannan ya bari da ya tuna Rumawa da Farisawa suna yi bai cutar da ƴaƴansu ba. Likitoci kuma sun tabbatar mai ciki mai lafiya tana iya ci gaba da shayarwa, a janye yaro sannu a hankali.

Ita wannan aya da ta ambaci shekara biyu, ita ce ta ɗora wa uba ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita gwargwadon hali, kuma wannan rabin ne ba a cika karantawa a zaure ba. Maigida ne ke riƙe da mabuɗin rumbu, shi ke ba da izinin zuwa gidan likita, shi kaɗai ne kuma zai iya zama gaban mahaifiyarsa cikin ladabi ya ce, "Inna, a yi haƙuri a bar masa dakashin, a dakata da ruwan," ta saurare shi. Saboda haka ina roƙon limamanmu na ƙasar Damagaram, tun da babu sunan da ake raɗawa ba su, su riƙa faɗa wa maza wannan a kowace ranar suna kafin a shafa fatiha.